Shekarar da Aka Sallami Tumba

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a gari game da ni, wasunku ma an faɗa musu ita a fuska: wai babanku ne ya sa aka kori Tumba daga ƙungiyar ƙwallon garinmu. Shekara da shekaru ban tanka ba, har na lura wasu cikinku sun ɗauki shirun nawa a matsayin amsa laifi. Yanzu da idona ya gaji da zura zare a allura, na samu lokacin zama in rubuta muku yadda abin ya kasance. Shi Tumban ma ya yarda in faɗa, ba don haka ba da har yau bakina a rufe yake.

Ni tela ne, kun sani, kuma ban taɓa iya buga ƙwallo ba, ƙafata ba ta san komai ba sai taka keken ɗinki. Amma tun ƙungiyar garinmu, wadda muke kira 'Yan Dutse, tana wasa a filin makaranta ba katanga ba wurin zama, nake tsayawa a bakin layi. Da ta hau matakin ƙwararru, aka fara biyan 'yan wasa albashi, ƙungiyoyi suna zuwa Mubi daga nesa, ni na ɗinka tutarmu ta farko, shuɗi da rawaya, sai mutum huɗu sun kama ta kafin ta miƙe. Da aka tashi naɗa shugaban magoya baya ba wanda ya tambaye ni ko ina so, aka ce tunda dama a gaban shagon tela ake taruwa, to tela ne ciyaman. Mataimakina shi ne Sale mai kayan mashin, abokina tun muna samari, mutum mai zafin rai da ƙatuwar murya, shi ke riƙe da ganga ranar wasa.

Tumba kuwa ɗan Digil ne, wani ƙauye kusa da Mubi, iyayensa manoma, Kirista ne, uwarsa na kawo gyaɗa da kuɓewa kasuwa. Lamba biyar yake bugawa, shi ne kyaftin ɗinmu. Ba shi da gudu na a zo a gani, amma yana da kai. Kafin ɗan gaba ya gama tunanin inda zai bi, Tumba ya riga shi zuwa can ya tsaya yana jiransa. Duk 'yan wasan da ke ƙungiyar a lokacin, shi kaɗai ya rage daga waɗanda suka hau da ita daga filin makaranta, don haka mutanen gari ba sa kallonsa kamar ma'aikaci, kallon ɗa suke masa. Bappa yake kirana, kuma duk ranar da ba atisaye yakan zo ya zauna a bencin shagona yana cin gyaɗar uwarsa yana zubar mini da ɓawo a ƙasa.

Shekarar da nake ba ku labari, rabin farko na kakar wasa ya zo mana da ɗaci. A waje a ci mu, a gida mu yi kunnen doki da ƙyar. Da aka zo hutun tsakiyar kaka muna can ƙasan tebur, ƙungiya ɗaya ce kawai a bayanmu, kuma kowa ya san masu ƙarewa a nan faɗuwa suke yi zuwa matakin ƙasa. A wannan hutun ne ake buɗe rajista, ƙungiya ta sallami wanda za ta sallama ta ɗauko sababbi. Zafi ya yi zafi, mangwaro ya cika gari, gaban shagona kuwa ya zama ofishin koci. Mai sayar da shayi yana da jerinsa, direban tifa yana da nasa. Wannan ya ce a kori gola, wancan ya ce 'yan tsakiya ne ba sa raba ƙwallo. Duk jerin da aka karanto, ban taɓa jin wanda ya sa sunan Tumba a ciki ba.

Wata safiya ya shigo da yadi, za a ɗaura auren ƙanwarsa a coci, yana son wando da riga. Na durƙusa ina awonsa kamar yadda na saba. Da na zagaya tef a gwiwarsa ta hagu sai na ga lambar ba ta yi daidai da abin da na sani ba. Na auna ta dama, na dawo ta hagu. Ta kumbura sosai, kuma da na ɗan danna sai ya ja numfashi ya dafa tebur.

"Tumba, tun yaushe?"

"Tun wasa na huɗu, Bappa. Allura ake mini kafin in shiga fili."

"Koci ya sani?"

"Ba wanda ya sani sai mai allurar. Yanzu kai ne na biyu." Ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Bappa, don Allah maganar nan ta tsaya a shagon nan. Idan aka ji ƙafata ta lalace, ba ƙungiyar da za ta ƙara kallona. Ko Mama ban faɗa mata ba."

Na ce masa ta tsaya. Na faɗaɗa masa ƙafar wandon kaɗan yadda ba za a lura ba.

Kwana biyu bayan haka koci ya zo karɓar kaftaninsa da na ɗinka. Baƙo ne a garin, a farkon kakar aka kawo shi, mutum ne marar yawan magana. Yana gwada rigar a gaban madubi sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"Ciyaman, kyaftin ɗinku ya daina juyawa ta hagu. Duk ƙwallon da aka ci mu ta nan ta bi."

Na ce, "Koci, ni hannun riga na sani. Ɗaga hannunka in ga ko ya matse."

Iyakar abin da ya shiga tsakanina da shi ke nan. Amma mutane sun ga motarsa a ƙofar shagona, sun ga ya daɗe a ciki.

Ranar da aka liƙa takarda a ƙofar filin wasa, mutum uku aka sallama, aka ɗauko huɗu. Gola ya tafi, kuma wannan ba wanda ya yi kuka, domin mutumin kirki ne amma idan aka bugo ƙwallo ta sama sai ka ga kamar yana korar ƙuda. An sallami wani ɗan gefe mai yawan yanka da ba ya ba kowa, shi kuwa na ɗan ji zafi, don ina ganin da an yi haƙuri da shi zai gyaru. Na uku shi ne Tumba. A gurbinsa aka kawo wani dogon saurayi daga kudu mai suna Obinna, wanda ko sannu bai iya da Hausa ba. Na tsaya a gaban takardar na karanta ta sau uku. Zan faɗa muku gaskiya, tunda don ita na zauna rubutun nan: zuciyata ta yi nauyi ƙwarai, amma a can ƙasan raina na san koci bai yi kuskure ba. Na auna ƙafar nan da hannuna. Idan aka bar shi zai ci gaba da shan allura har ya rasa ƙafar gaba ɗaya, mu kuma mu faɗi tare da shi.

Da yamma na koma gida na kasa cin tuwo. Mahaifiyarku Dudu ta ajiye kwano ta zauna tana kallona. Kakarku Dada tana nan da ranta a lokacin, tana kan tabarmarta tana ɓare gyaɗa, ita kuwa ba ta taɓa yarda cewa ƙwallo abin da babban mutum zai ɓata rai a kai ba ne.

"Wa ya mutu?" in ji Dada.

"Ba kowa, Dada. An sallami Tumba ne."

"Yaron nan na Digil? To ba gona gare su ba? Ya koma ya yi noma mana. Maza da gemu kuna bin fata mai iska, har ana ƙin cin abinci."

Dudu ba ta yi dariya ba. Ta jira har Dada ta shiga ɗaki, sannan ta ce, "Malam, matar Sale ta aiko ɗazu, wai gobe za su yi taro su ce ka ja su zuwa gidan mai ƙungiya. Amma fuskarka ba ta mai shirin faɗa ba ce. Akwai abin da ka sani."

Na ce akwai.

"Naka ne ko na wani?"

"Na wani ne."

"To kar ka faɗa mini. Ni ina zuwa biki, ina zuwa suna, bakina zai iya kuɓucewa. Ci tuwonka."

Washegari bayan la'asar aka cika gaban shago har kan titi, masu mashin suna zagayewa. Sale ya hau benci. Ya ce an ci mutuncin gari, baƙo ya zo ya tsige mana ɗanmu kamar ciyawa. Ya ce daga yau ba mai sake shiga filin wasa sai an dawo da Tumba, kuma yanzu za a ɗauki tuta a tafi gidan mai ƙungiya, ciyaman a gaba. Aka yi ta ihu. Sai aka juyo ana kallona.

Na miƙe na ce, "Jama'a, ba wanda ya fi ni son Tumba a nan. Amma ba zan je ba, kuma ranar wasa zan shiga fili. Idan muka ƙaurace, yaran da suka rage su za su buga a fili ba kowa, kuma idan muka faɗi ba Tumba ba ne zai dawo, ƙungiyar ce za ta tafi. A bar koci ya yi aikinsa."

Sai wani daga baya ya ɗaga murya: "Ai mun ga motar koci a nan shekaranjiya! Tare suka tsara!"

Sale ya sauko daga benci ya zo dab da ni. Ba zan manta da idonsa ba, don babu fushi a cikinsa sosai, roƙo ne. Ya ce a hankali, da sunan da yake kirana tun muna samari, "Hamma, ka ba ni dalili guda ɗaya. Ɗaya kawai, ni zan kashe wutar nan."

Dalilin yana kan harshena. Kalma biyar sun isa, da kowa ya watse yana ba ni haƙuri. Amma kafin magariba da labarin ya kai Yola, kafin mako ya kai duk inda ake buga ƙwallo, kuma Tumba a lokacin yana shirin tafiya gwaji wata ƙungiya. Na ce, "Sale, dalilina shi ne wanda na faɗa."

A nan take aka sauke ni, aka naɗa shi. Suka shiga shagona suka ɗauki tutar da na ɗinka, suka tafi da ita. Na zauna a kan kekena na ƙarasa wata rigar makaranta, don mai ita zai zo karɓa da safe.

Benci ya zama ba kowa. Waɗanda suke kawo mini ɗinki tun suna samari suka koma wani wuri. Wannan duk na iya ɗauka. Abin da ya fi ƙona ni shi ne ranar kasuwa, da uwar Tumba ta tsaya a ƙofar shago da kwandonta a kai, ta ƙi shigowa, ta ƙi saukewa. Tsohuwa ce da ta saba ajiye mini kuɓewa mai kyau a gefe ta ce ta Dudu ce.

"Tela, kai ne ya ce Tumba ɗanka ne. Kai ne ya ce. Yanzu sun kore shi, kai ka ce a bari. Mene ya yi maka?"

Na ce, "Mama, bai yi mini komai ba sai alheri."

"To Allah yana gani."

Ta juya ta tafi. Ranar na rufe shago tun kafin azahar.

Tumba ya kira ni daga inda ya je gwaji, labari ya same shi. Ya ce, "Bappa, na ji abin da suka yi maka. Ka ƙara mini haƙuri kaɗan, sun kusa sa mini hannu." Na ce ya mai da hankali kan abin da ya kai shi, ni ina nan lafiya.

Aka dawo zagaye na biyu. Wasan gida na farko, da za ka ƙirga mu a fili ba za ka sha wahala ba. Obinna kuwa ya ƙara mini aiki, don a wannan wasan ya so ya mayar wa gola ƙwallo da kai, ya zura ta a ragarmu. Mako guda duk inda na bi ana ce mini, "Tela, ina ɗan naka?" Amma ni da nake zaune kusa da layi ina ganin abin da waɗanda suka ƙaurace ba sa gani. Yaron yana da gudu, yana da tsalle, kuma idan ya yi kuskure ba ya sake yin irinsa. Sabon golan ma ya fito da kyau. Ɗan gaban da aka ɗauko da kirari mai yawa kuwa bai tsinana komai ba har kaka ta ƙare, a nan koci ya yi zaɓen banza, kuma na faɗa masa a fuskarsa. Ƙauracewar ba ta wuce wasa biyu ba. Mutumin Mubi ba zai ji ihu daga fili ranar wasa ya zauna a gida ba. Suka dawo da gangarsu da tutar, suka zauna a wurinmu na da, ni kuma na koma can ƙarshen benci kusa da mai sayar da rake.

Damina ta yi nisa, masara ta fara fitar da gemu, muka zo wasan ƙarshe. Idan aka ci mu mun faɗi, idan muka riƙe kunnen doki mun tsira. Ina shirin rufe shago sai mashin ya tsaya a ƙofa. Tumba ne. Da ya sauko na ga yana jan ƙafar, yanzu ba sai an auna ba. Wata biyu kawai ya yi a can, gwiwar ta ƙi.

"Bappa, hau mu tafi."

Muka shiga fili tare, ya wuce gaban Sale da jama'arsa, ya ɗaga musu hannu, suka miƙe suna kiran sunansa suna buɗa masa wuri. Bai tsaya ba, ya bi ni har ƙarshen benci ya zauna kusa da mai rake. Suka bi mu da kallo. Shi kuwa ko a jikinsa, tun da aka busa usur yake tsaye da ƙafa ɗaya yana yi wa Obinna ihu da Turanci da Hausa da yarensu duk a haɗe, yana nuna masa inda zai tsaya. Saura kaɗan a tashi aka bugo kwana, golanmu ya fita bai taɓa ba, ƙwallo ta nufi raga. Na rufe ido. Da na buɗe, Obinna yana kwance a cikin raga, ƙwallon kuwa tana can tana tsalle a kan rufin masu kallo. Ba ci aka tashi, muka tsira.

A hanyar gida, muna kan gadar mayo, wato kogin garinmu, ruwa ya cika har yana taɓa gonakin gefe, Tumba ya rage gudu.

"Bappa, gobe zan zo gaban shago in faɗa musu komai."

Na ce, "A'a. Idan ka faɗa, za su tuna duk wasannin da aka ci mu kana fili da ƙafa ɗaya. Fushin da suke yi da ni zai koma kanka, kai kuwa a garin nan za ka yi aure, a nan za ka sayar da amfanin gonarka. Ni sun riga sun gama zagina, sun gaji. Ka faɗa wa Mama kawai."

Ya faɗa mata. Ranar kasuwa ta zo ta sauke kwandonta a cikin shago, ta zauna a benci ta yi kuka, ta bar wa Dudu kuɓewar da muka yi kwanaki muna shanyawa. Sale kuwa bai taɓa jin dalilin daga bakina ba, har Allah Ya karɓi ransa. Amma shi ba wawa ba ne, ya ga tafiyar Tumba ranar nan kamar kowa. Kafin sabuwar kaka ya aiko mini da tutar, wai gefenta ya yage a gyara, da ya zo karɓa ya zauna, daga nan kuma bai daina zama ba. Benci ya sake cika a hankali. Ba a mayar da ni ciyaman ba, ban kuma nema ba, don na gano kallon ƙwallo ya fi daɗi idan ba kai ne za ka raba faɗa a bakin ƙofa ba. Wasu sun riƙe tsohon labarin, shi ne wanda ya iso kunnenku. Ban ji haushinsu ba. Abin da suka gani da ido shi suka faɗa.

Tumba yanzu yana da furfura a gemu, da gonar masara da gyaɗa a Digil, da 'ya'ya huɗu. Duk ranar wasan gida yakan zo ya ɗauke ni a mashin, duk hutun tsakiyar kaka kuma sai mun zauna mun yi namu jerin. A hutun bana ya zo da takardarsa a aljihu, ya karanto mini suna uku, na farko kyaftin ɗinmu na yanzu.

"Bappa, ya tsufa. Ba ya iya juyawa. A sallame shi."

Na ce, "Kai Tumba, ba ka da tausayi? A bar shi ya ƙarasa kakar mana."

Muka yi ta musu har Dudu ta aiko a ce mana abinci ya huce, kuma har yau bai sauko ba, ni ma ban sauko ba.